Sharhi: bel na fata mai faɗi, shin har yanzu ya cancanci tsohon inji?

Wanda ya tayar da tsohon inji mai juyawa da bel, na sassaƙa ƙarfe ne ko na tsaga katako, zai tarar da zaɓi biyu: bel na fata, ko na zare da aka shafe da roba. Hukuncinmu shi ne fata ta fi riƙo kuma ta fi tausaya wa inji, amma tana son kulawa, kuma ba ta jituwa da danshi.

Tun 1828 wani makaniki mai suna Paul Moody ya fara juya masaƙun garin Lowell na Amurka da bel na fata maimakon giya mai haƙora. Inji guda ke juya doguwar sandar ƙarfe a saman ɗaki, kowace na'ura ta ɗebi ƙarfi daga nan ta fulinta, wato faifan da bel ke zagayewa. Babu haƙori ko ɗaya, gogayya ce kawai ke jan kayan. Shi ya sa ingancin fatar yake da muhimmanci. Bel mai kyau daga tsakiyar bayan bijimi ake yanko shi, kusa da ƙashin baya. Na gefen ciki yana miƙewa a karkace, ba zai taɓa tafiya daidai ba. Gefen da gashi yake, mai sulɓi, shi ake kifawa kan fuli, domin ya fi manne wa ƙarfe.

A yi lissafi kafin a saya. Ɗauki injin dizal na Lister CS mai ƙarfin doki 6, da ke juyi 650 a minti. Idan fulinsa inci 10 ne, na na'urar kuma inci 5, za a sami juyi 1,300, a cire kamar kashi 2 cikin ɗari na santsi. Bel ɗin yana gudun ƙafa 1,700 a minti. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ita ce bel falle ɗaya mai faɗin inci 1 yana ɗaukar doki 1 a gudun ƙafa 800 zuwa 1,000 a minti. Ke nan inci 3 shi ne mafi ƙanƙanta, inci 4 ya fi kwanciyar hankali.

Wurin ɗaurawa ne aka fi yin ɓarna. Sabuwar fata tana miƙewa, don haka a rage kamar kashi 1 cikin ɗari na tsawon da aka auna, a yanka bakin da sukwaya. Baki ya ɗan karkace, bel zai riƙa lilo duk zagaye. Haɗi da ƙugiyoyin waya da fil a tsakiya yana da sauri, yana da sauƙin ragewa, sai dai yana ƙwanƙwasa fuli kuma yana yanka hannu. Haɗin gam, inda ake fere bakunan biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya, ya fi shiru da ƙarko. A tabbata siririn bakin da ke waje yana kallon baya, in ba haka ba iska za ta ɓare shi. Ɓangaren da ke ja ya kasance a ƙasa, mai sako-sako a sama, nauyinsa ya ƙara rungumar fuli.

Da yawa suna zargin bel idan yana faɗowa, alhali laifin jeri ne. Fuli mai kyau yana da ɗan doro a tsakiya, bel kuwa kullum wuri mafi tudu yake hawa, shi ke riƙe shi a tsakiya. Idan sandunan da fuli biyun ke kai ba su yi layi ɗaya ba, ko doron ya cinye, babu ƙarin ɗauri da zai gyara. Ƙara tamkewa boris kawai zai ƙona, musamman tsofaffin masu farin ƙarfe mai laushi.

Abin da ya fi burge mu shi ne idan na'ura ta cije, bel ɗin zai yi santsi ko ya sauka, kafin haƙoran giya su karye. Ga injin da ba a ƙera kayan gyaransa yanzu, wannan kariya ce babba.

Aibinsa a fili yake. Danshi yana sa shi miƙewa, bushewa tana tsattsaga shi, baƙin mai yana ruɓar da shi. Idan ya fara ƙyalli da kuka, a goge dattin, a shafa ɗan man ƙafar shanu ko kitse, a bar shi ya sha. Kada a sa ƙaro ko kwalta: za su kama na ɗan lokaci, daga baya su taurara fatar. In an tashi aiki a sassauta shi. Kuma kada a kusance shi da riga mai yalwa, ko a mayar da shi kan fuli da hannu inji na gudu.

Injin da ke ƙarƙashin rufi, wanda ake dubawa, a sa masa fata. Wanda ke aiki a waje cikin ruwa da ƙura, na zare da roba zai fi daɗewa.