Jera masu rabawa ko duba tazara: wanne ya fi?

A ce an ba ka 35 da 36, an ce ka nemo babbar lambar da ke raba su duka ba saura. Hanya ta farko ita ce jerawa. Masu raba 35 su ne 1, 5, 7, 35. Na 36 kuwa 1, 2, 3, 4, 6, 9, 12, 18, 36. Ka duba ka ga 1 kaɗai suka haɗa. Ina son wannan hanya ga mai koyo, domin komai a fili yake. Amma fa a ba ka 9,998 da 9,999, sai gumi ya karyo maka.

Ta biyu, wadda ta samo asali daga dabarar Yuklid na Iskandariyya, wani masanin lissafi na zamanin da, ta fi burge ni. Duk lambar da ta raba lambobi biyu, dole ta raba tazarar da ke tsakaninsu. Lambobi masu bin juna tazararsu 1 ce, to amsa 1 ce, komai girmansu.

Sai dai a kula: 14 da 16 tazararsu 2, amsa 2. Amma 15 da 17, duk da tazarar 2 ce, 2 ba ta raba su, don haka amsa ta koma 1.