Na gwada Polita a kan tsatsar wayoyin fiyanona

Fiyanon nan ya yi wajen shekara 2 a rufe a ɗaki mai laima, ranar da na ɗaga murfin na ga wayoyin sun yi ja-ja da tsatsa wallahi sai da gabana ya faɗi. Mai saita min sauti ne ya ce in nemi Polita, wani ɗan dunƙule ne kamar robar goge rubutun fensir amma da kaushi-kaushi a jikinsa.

Gaskiya a kan wayoyin ƙarfe zalla, na ɓangaren siririn sauti, abin ya yi aiki sosai. Kana gogawa sama da ƙasa a hankali kana ganin jan yana tashi, farin ƙarfen yana fitowa yana ƙyalli. Sai dai fa aikin haƙuri ne, fiyano yana da wayoyi kusan 230, yini biyu na yi ina abu ɗaya, kuma yana zubar da gari don haka ku shimfiɗa kyalle a ƙasa sannan ku bi da injin zuƙar ƙura. Inda bai iya shiga ba shi ne wurin da waya ta nannaɗe a jikin ƙusar saiti, can kam tsatsar tana nan, kuma daman a irin wurin ne waya ta fi tsinkewa idan an zo ɗaure ta. Masu kaurin nan da aka naɗe da jan ƙarfe ban taɓa su da shi ba, garin zai cushe tsakanin naɗin ya kashe sautin, busasshen buroshi kawai na bi su da shi.

Don Allah kar wanda ya shafa mai ko ya fesa wani abu wai don kariya. Man yana bin ƙusoshin ya shige cikin katakon da ke riƙe su, daga nan sun saki kenan, saiti ba zai ƙara zama ba, ga wayoyin gaba ɗaya suna jan nauyin da ya kai tan 18 ko fiye.

Abin da ya hana tsatsar dawowa shi ne na janye fiyanon daga bakin taga, na sa ma'aunin laima ina riƙe ɗakin tsakanin kashi 40 zuwa 50, na rufe wayoyin da kyallen ulu, kuma ba na taɓa su sai da safar hannu saboda gumin yatsa kaɗai ya isa ya bar tabo. Wata 8 kenan, jiya na haska da tocila ban ga ko ɗigon ja ba a inda na goge.