Keken da ake hura wa iska a ƙarƙashin sirdi

Assalamu alaikum, Yaya Sale. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Ya aikin kaka? Mu nan Shefil ta Ingila sai godiya, sai dai sanyi da yayyafin da ba ya ɗaukewa.

Ka tambaye ni wane irin keke ne na saya da nake ta zancensa a waya, ga Auwalu kuma ya matsa sai na aiko masa da irinsa. Bari in yi maka bayani, tunda a rumfarka ta bakin kasuwar Ringim na koyi faci da ɗaure kaca.

Keken hawan dutse ne, na hannu na saya. Garin nan a kan tuddai yake, yamma da shi kuma tsaunukan Peak District ne, can nake zuwa ranar da ba ni da aiki. Abin da ya ɗaure mini kai a jikinsa shi ne shokozoba na baya. Namu na babur ƙarfe ne murɗaɗɗe. Wannan kuwa 'yar tukunya ce ta alminiyam, tsawonta kamar taƙi guda, iska ce a ciki take ɗaukar nauyin mutum. Na kamfanin RockShox ne, akwai kuma na Fox, su biyun aka fi gani.

Ranar farko da na hau shi, feda sai dukan duwatsu take yi, bayan keken ya zauna kamar jakin da aka labta wa kaya. Na ɗauka ya lalace. Ashe wanda ya sayar mini bai kai ni nauyi ba, iskar tasa ce a ciki. Kowa da awonsa, Yaya, kamar ɗinkin riga.

Bawul ɗinsa irin na babur ne, amma famfon taya ba ya yi. Tayar mota ba ta cika wuce awo 35 ba, wannan kuwa famfonsa ɗan siriri ne mai agogo, yana kaiwa 300. Fam 25 na saye shi. Ana farawa da nauyin mutum a ma'aunin laba: ni kilo 75 ne, wato laba 165, sai na hura 165. Kana hurawa kana danna sirdi a hankali lokaci-lokaci, don iskar ta ratsa ɗaki na biyu da ke cikin tukunyar. A jikin sandar da ke shiga cikin tukunyar akwai zoben roba. Ka tura shi ya manne da tukunyar, ka hau da kayan da kake tafiya da su, wani ya riƙe maka kan keken, sannan ka sauka ba tare da girgiza ba. Inda zoben ya tsaya shi ne shaidarka. Ana so nauyinka ya cinye kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tafiyar sandar. Tawa milimita 55 ce, don haka 16 nake nema. Na samu 20, na ƙara iska, na sake hawa. Sai a karo na huɗu, a kan 185, ya zauna daidai. In ka kwance famfon za ka ji fiss, kada ka damu, iskar tiyon ce ta fita.

Sai wani ɗan jan maɓalli da ake murɗawa, an zana kunkuru a gefe guda, zomo a ɗaya gefen. Shi ke tsara saurin dawowar keken bayan ya dannu. Ka ba zomo da yawa, ya riƙa harbin ka daga sirdi. Ka ba kunkuru da yawa, kafin ya miƙe daga rami ɗaya ya faɗa na biyu, bayanka ya sha wuya. Na yi ta gangarowa daga dakalin bakin titi a zaune, ina ƙara ɗaya-ɗaya, har ya zama in ya nutse ya taso sau ɗaya sai ya tsaya cak. Wallahi a lokacin kai na tuna, yadda kake kasa kunne ga gargare kana ɗaure waya ɗaya bayan ɗaya.

Kaya dai sun iya ƙera shi, ba na musu. Gyara ne inda muka fi su. Da na ga mai yana tsatsa a sandar, na kai wani shago. Suka duba kwamfuta suka ce in dawo bayan mako biyu. Buɗe cikinsa gaba ɗaya kuma ba su yi, aikawa suke wani gari, kuɗin ya haura fam ɗari. Ba benci, ba hira, ba wanda zai ce zauna yanzu a gama maka, in babu kuɗi ka kawo ranar kasuwa. Kamfanin ma cewa ya yi a canza mai da robobin tukunyar duk bayan awa 50 na hawa. Na sayi robobin na yi da kaina a kicin, da hannun da ka horar. Sharaɗin kawai a sace iskar tas kafin a kwance, in ba haka ba tana iya yi wa mutum rauni.

Shi ya sa nake roƙon ka lallashi Auwalu. Ƙurar hunturu da yashin hanyarmu za su cinye robobin nan cikin ɗan lokaci, kuma ranar da iska ta zube, ina zai samu famfo ko roba? Ba shi da kariyar ɗaukar kaya ma, ko tiya biyar ta gero ba inda zai ɗaura. Phoenix ɗin Baba ya kai buhu kasuwa shekara da shekaru, kuma duk abin da ya karye a jikinsa akwai shi a rumfarka.

Akwai mai tahowa Kano bayan sallah. Zan ba shi sifanu masu kyau, da abin yanke kaca, da fitila mai caji ta Auwalu. Ka auno mini tayoyin da aka fi kawo maka yanzu, ko har yau masu inci 28 ne, don in haɗo da tif. A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninka, Habibu