Waƙar Life on Mars: ta Bowie ko ta The Bad Plus?

Ta David Bowie, mawaƙin Birtaniya, dai ita ce ta asali, 1971 ta fito a faifan Hunky Dory, Rick Wakeman ne kan fiyano, ga kayan goge da Mick Ronson ya tsara, muryar Bowie kuma tana hawa sama har sai tsigar jikinka ta tashi. Minti huɗu ma ba ta cika ba an gama.

Su kuwa The Bad Plus, makaɗan jaz ne na Amurka, lokacin suna su uku kacal, a faifansu Prog na 2007 suka ɗauko waƙar, ba mawaƙi sam, Ethan Iverson ke bin karin waƙar da fiyano, Reid Anderson na riƙe da bes, wato ƙaton goge mai kaurin sauti, Dave King kuma, kai jama'a, dukan gangunan nan yake kamar yana binsu bashi, su ja abin a hankali su wargaza shi har ka ce sun ɓata hanya sannan su dawo da ƙarfi.

Ni dai tasu ta fi kama ni, amma fa in ba ka san ta Bowie ba, hayaniya kawai za ka ji. Fara da ta 1971 tukuna.