Apollo 11 da wasu biyu da na kalla ina jinyar ƙafa

Targaɗe na yi, likita ya ce in zauna wuri ɗaya na mako biyu. Zaman ne ya ba ni damar biyan bashin dokumentari, wato fina-finan da ke nuna abin da ya faru da gaske, da na daɗe ina cewa gobe zan kalla. Uku na kai ƙarshensu. Akwai wasu biyu da na bari a tsakiya, waɗannan ba sai na ɓata bakina a kansu ba.

Wanda ya fi kama ni shi ne Apollo 11, na shekarar 2019, wanda Todd Douglas Miller ya haɗa. Labarin ba sabo ba ne. Ranar 16 ga Yulin 1969 mutum uku suka tashi daga Filorida a Amurka, ranar 20 Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a duniyar wata, Michael Collins yana kewayawa yana jiransu, ranar 24 suka dawo suka faɗa tekun Pasifik lafiya lau. To me zai riƙe mutum a fim ɗin da ya riga ya san ƙarshensa? Da wannan rainin na kunna shi, har na ajiye waya a gefe don in riƙa leƙawa. Wallahi ban taɓa ta ba har aka gama.

Babu mai ba da labari a cikinsa, babu dattijon da aka zaunar a kujera yana tuna baya. Hotunan wancan lokacin ne zalla, wasu an zaƙulo su ne daga ma'ajiyar tarihi ta ƙasar, sai muryoyin da aka naɗa a ɗakin kula da tafiyar. Hotunan sun fito tar, kai ka ce jiya aka ɗauka. Za ka ga jama'a sun yi dafifi a bakin teku, wasu a saman motoci, kowa ya kafa ido sama. Can kuma, 'yan sama jannatin suna shiga kumbo, ga ma'aikata a jikin rokar suna ɗaure kusoshi saboda wani wuri da ke yoyo. Ba wanda ya tsaya ya ce maka "ka ga haɗarin?" An nuna maka, an wuce, kai ne za ka ji cikinka ya ɗuri ruwa.

Akwai wurin da na maimaita sau uku. Bayan an tashi, sai wata murya ta karanto bugun zuciyar kowannensu a minti ɗaya: Armstrong 110, Collins 99, Aldrin 88. Mutum yana zaune a kan wuta irin wannan, amma 88! Ni da ke kwance a gado na tabbata nawa ya fi haka. Wajen sauka kuwa, an bar hoton tagar kumbon yana tafiya ba yankewa, a gefen allo ga lissafin man da ya rage yana ta raguwa, ga kwamfuta tana kukan gargaɗi da lamba 1202. Na san za su sauka, shekara hamsin da ɗoriya ke nan da saukarsu, amma sai da na riƙe numfashi.

Yana da nasa aibin. Maganar rediyo ba ta fita sosai, idan ba ka kunna rubutun ƙasan allo ba rabinta za ta wuce ka. Kuma wanda bai san komai kan tafiyar ba zai iya ɓata. Ƙanena ya zauna da ni kamar minti ashirin, sannan ya ce, "Yaya, wai yaushe za a fara bayanin ne?" Na ce masa ba za a fara ba. Ya miƙe abinsa.

Na biyu shi ne Free Solo na 2018, wanda ya ci kyautar Oscar a 2019. Alex Honnold ne ya hau dutsen El Capitan da ke Kalifoniya, mai tsayin kusan mita 900, ba igiya ba komai, a cikin awa 3 da minti 56, a watan Yunin 2017. Tafin hannuna ya jiƙe, ba ƙarya. Sai dai abin da ya zauna min a rai ba hawan ba ne. Ɗaya daga cikin masu ɗaukar hoton ne, abokinsa, da ke ƙasa: ya saita kyamara, sannan ya juya mata baya, ya kasa kallon abin da yake ɗauka. Masu fim ɗin sun tambayi kansu a fili ko zuwansu da kyamara zai iya jawo ajalin mutumin, kuma na ji daɗi da ba su ɓoye wannan ba. Tsakiyar fim ɗin ta ɗan yi ja, amma ana yafewa.

Na uku ne ya ba ni haushi, kuma haushin ya fi yawa don kayan da ke hannunsu masu kyau ne. The Social Dilemma, na 2020, ya tara mutanen da suka gina kafafen sada zumunta da hannunsu. Akwai Tristan Harris da ya yi aiki a Google, akwai Justin Rosenstein da ke cikin waɗanda suka ƙirƙiro maɓallin nuna so na Facebook, akwai Aza Raskin da ya fito da salon nan da kake ta jan allo ba ya ƙarewa. Mutanen nan suna faɗin yadda aka tsara abin don ya riƙe ka, wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankali. Amma sai aka cusa wasan kwaikwayo a tsakani: wani iyali na ƙirƙira, da wasu maza uku masu fuska ɗaya a wani ɗaki suna juya yaro kamar 'yar tsana. Da zarar magana ta fara nisa, sai a yanke a koma kansu, ga kiɗa mai tsoratarwa a ƙasa. Na ji kamar an ɗauke ni yaron da ba zai gane ba sai an zana masa. Fim ɗin da ke kukan ana wasa da tunanin mutane, shi ma da irin wannan dabarar yake jan nasa masu kallon. Duk da haka ba zan ce kar a kalla ba, musamman mai 'ya'ya matasa. A saurari masu maganar, in an zo wajen wasan a tura gaba.

Yana ƙarewa, ina cikin tunanin in rage yawan kallon allo, sai manhajar da nake kallo a ciki ta fara ƙirga daƙiƙa za ta saka min wani fim ɗin da ban nema ba. Kafin in laluɓo rimot a cikin bargo har ya fara, na kuwa kalli minti goma sha biyar daga ciki.