Wasiƙa daga Milton Keynes, garin da babu mai faci

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Hajiya, ya yara? Ka yi ƙorafin cewa duk wayar da muka yi gaisuwa ce ke cinye ta, har yau ban ba ka labarin garin ba. To ga shi a rubuce.

Milton Keynes na arewa maso yamma da Landan, jirgin ƙasa mai sauri kan kai ka tashar Euston cikin kamar minti 35. A takarda aka fara zana garin kafin a aza tubali, irin na Abuja, sai dai ya girme ta: a 1967 gwamnati ta ware filin don a rage wa Landan cunkoso. An shata manyan tituna kamar gidan dara, kusan kilomita ɗaya tsakaninsu. Masu tafiya gabas da yamma ana kiransu H, na kudu da arewa V, kowanne da lambarsa, a kusan kowace mahaɗa kuma shataletale. Unguwannin suna ɓoye bayan bishiyoyi. In kana cikin mota ba ka ganin gida balle mutum. Wata biyu na yi ina hawa bas, da za ka sauke ni bayan layinmu da sai na nemi ɗan jagora. Mu da muka saba da kwatancen "bayan masallacin Juma'a, daura da mai tsire", sai ga mutum yana ce maka mahaɗar H6 da V8.

Bas ɗin ma ba adaidaita sahu ba ce da za ka ɗaga hannu ta tsaya a gabanka. Tana da tsafta da ɗumi, amma in ta wuce ka sai jira, ranar Lahadi kuwa sai haƙuri. Shi ya sa na sayi keke na hannu a Facebook wajen wani dattijo, fam 70, ya haɗa mini da kwaɗo da hular kwano.

Ashe garin biyu ne. Ƙarƙashin na masu mota akwai na masu ƙafa da keke: hanyoyi masu jar kwalta da suke kira Redway, fiye da mil 200, suna kutsawa ta ƙarƙashin manyan tituna ko su haye ta gada, ba ruwanka da mota. Ranar farko na ɓata, don ramukan duk kama ɗaya ne. Ina neman hanyar gida sai ga ni a bakin tafkin Willen, gaban wata farar hasumiya da mabiya Buda suka gina a 1980. Daga nan na bi gefen magudanar Grand Union, inda mutane ke zaune cikin dogayen jiragen ruwa sirara, har da tukwanen fure a rufi da hayaƙin murhu. A hanyar ce na yi kiciɓis da ɗan aiken garin: wani farin akwati mai tuƙa kansa, mai taya shida da 'yar tuta, na kamfanin Starship, yana kai cefane gidajen mutane. Tun 2018 suke yawo a nan. Na kauce masa, ya wuce abinsa. Ba ya tsayawa kallon ƙwallo, ba ya cin canji.

Sati na uku taya ta yi faci. Yaya, ka tuna mai facin gindin dalbejiyar bakin layinmu, da bahonsa na baƙin ruwa, yadda yake nutsa tib ya jira kumfa, kafin ka gama gaisawa da mai rake ya gama? Haka na riƙa waige-waige ina tura keke, kusan minti 40, babu ko mai famfo. Da na isa wani shagon kekuna, yaron ya duba kwamfuta ya ce in bar shi zuwa Alhamis, kuma su ba sa faci, sabon tib suke sawa. Kuɗin aikin ya ninka na tib ɗin. Na ce na gode. Na sayi 'yar gwangwanin kayan faci, na cika robar wanke-wanke da ruwa, na durƙusa a kicin ina neman kumfa. Sau biyu facin yana ɗagowa don ban bar gam ya sha iska ba.

Ranar na gane lissafin ƙasar nan: kaya da sauƙi, hannun mutum da tsada. Wando sabo ba ya wuyar saye, amma ka kai a rage masa tsawo sai kuɗin tela ya kusa kamo na wandon. Aski sai ka kama layi ta waya, ka biya fam 15, don haka na sayi injin aski. Abu in ya lalace yawanci yarwa ake yi. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre ta Kano da za su ga abin da ake zubarwa a nan, da sun yi kuka.

Cefane kuwa, madara da burodi da dankalin Turawa da kaza ba laifi in ka auna da albashi. Namu ne ke da tsada. Nakan hau keke zuwa titin Queensway a Bletchley, can ne mahautan halal da shagunan kayan Afirka. Doya a sikeli ake auna ta kamar nama. Ana samun manja da attarugu da garin rogo, kuka ce ban gani ba. Kazar babban kanti kuma minti ashirin ta narke a tukunya, sai ka nemi tsohuwa mai tauri in kana son romo na gaske. A kantin ma inji ne ke karɓar kuɗi, ba wanda za ka ce wa "rubuta, sai ƙarshen wata".

Wuta da ruwa ba su taɓa ɗaukewa ba tunda na zo, gaskiya ɗaya ce. Amma takardar kuɗinsu ma ba ta fashi, ga harajin ƙaramar hukuma a kai. Kwandon shara huɗu aka ba mu, kowanne da launin murfinsa da abin da ake zubawa ciki.

Juma'a Wolverton nake zuwa, tsohon garin ma'aikatan jirgin ƙasa da sabon birnin ya haɗiye. Can ne gidaje ke manne da juna, in an sallame mutane su tsaya a bakin titi ana musabaha. Nakan jingine keken in daɗe ban tafi ba. Yanzu da sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu duhu ya yi, doka kuma ta ce sai da farar fitila a gaba da ja a baya, na saya.

In ka sami mai tahowa, a ba shi kuka da daddawa da yajin Hajiya. Kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka gaida mai facin, ka ba shi wani abu a madadina.