Safar Matsi Ta Kumburin Ƙafa: Wadda Ke Aiki Da Wadda Ba Ta Yi

A Zariya, a kemis-kemis na Sabon Gari da Tudun Wada, da waɗanda ke kan hanyar Shika, idan ka ce kana son safar kumburin ƙafa, abu biyu aka fi miƙo maka: farar safa mai huji a wajen yatsu, ko wata mai ruwan ƙasa, siririya kamar ta makaranta. Ga mai tundurmi, ko wanda ƙafarsa ta kumbura bayan an cire masa kaluluwar matsematsi a tiyata, farar safar asarar kuɗi ce. An yi ta ne don majinyacin da ke kwance a gado, don kada jini ya daskare masa a jijiya, kuma matsinta bai fi kimanin 18 mmHg ba (mmHg shi ne ma'aunin ƙarfin matsi). Da zarar mutum ya miƙe tsaye, nauyin ruwa ya fi ƙarfinta.

Kullum wani ruwa mai furotin yana tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini zuwa cikin nama. Wasu siraran hanyoyi da ake kira hanyoyin limf ne ke kwashe shi, su bi da shi ta kaluluwa, waɗanda jiki ke da ɗaruruwansu a wuya da hammata da matsematsi da ciki, a tace ƙwayoyin cuta. Na ƙafafu biyu yana hawa ta babbar magudana a ƙirji, ya koma cikin jini a gindin wuya ta hagu. Ruwan da ke komawa jini haka daga jiki duka kusan lita 2 zuwa 4 ne a rana. Hanyoyin nan ba su da famfo irin zuciya. Motsin tsokar sha-raɓa da 'yan ƙofofi masu buɗewa gefe ɗaya suna taimakawa wajen tura ruwan sama. In tsutsar da sauro ke yaɗawa ta lalata su, ko tiyata, ko gashin da ake yi wa mai ciwon daji, sai ruwan ya kwanta, furotin ɗin ya sa fata ta yi kauri ta taurare. Shi ya sa ƙwayar sa fitsari ba ta magance shi: tana janye ruwa ne ta bar furotin.

Aikin safar shi ne ta zama bango, tsoka ta matse ruwan tsakaninta da shi yayin tafiya. Mai ruwan ƙasar nan tana iya wannan idan kumburin sabo ne, irin wanda ke sacewa da dare, kuma ƙafar ba ta sauya siffa ba. A duba kwalin. In ma'aunin Jamus ne, aji na 1 shi ne 18 zuwa 21 mmHg, na 2 kuwa 23 zuwa 32, na 3 kuma 34 zuwa 46. Na Ingila ya fi wannan sauƙi, aji na 2 a can 18 zuwa 24 ne, don haka a karanta adadin, kada a tsaya ga lambar aji. Kwalin da ba a rubuta adadi ba, a mayar wa mai shago abinsa.

Inda mai ruwan ƙasar take kasawa shi ne ƙafar da ta yi ninki a idon sawu. Saƙarta zagayayya ce mai yawan talewa, sai ta shige cikin ninkin ta zama igiya, ta ɗaure ruwan a ƙasa, har ta yanka fata. Irin wannan ƙafa tana buƙatar safa mai kauri, mai ɗinki a baya, wadda ake yi bisa awon mutum, kuma samunta sai da oda. Ko ita ma ba ta rage kumburi, riƙe abin da aka rage take yi. Ragewar aikin bandeji ne marar talewa sosai, a naɗa shi hawa-hawa daga yatsu zuwa gwiwa na mako 2 zuwa 4, a hannun likitan gashin ƙashi irin na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika. Bandejin targaɗe ba ya wannan aiki.

Awo da sassafe ake yi, kafin a taka ƙasa sosai, da tef ɗin tela: wurin da ya fi siranta a saman idon sawu, wurin da ya fi kauri a sha-raɓa, sannan tsawo daga diddige zuwa yatsa biyu ƙasa da lanƙwasar gwiwa. In ta yi tsawo kada a naɗe bakinta, ninkin yana ninka matsin a wuri ɗaya. A sa da safe, a cire da dare. A sayi biyu, a wanke da hannu, a shanya a inuwa, ban da guga. Bayan wata 6 robarta ta saki ko da ba ta yage ba.

Zafin bazara a Zariya yana sa mutane da yawa jefar da ita, alhali a lokacin ƙafa ta fi kumbura. Safar matsi mai buɗe a wajen yatsu ta fi daɗi a nan. Cirewa da mayarwa don alwala ma wahala ce ta gaske, kuma gara a tambayi malami hukuncin shafa a kanta saboda lalura da a daina sawa. A hunturu kuwa faso ne abin tsoro, domin ta nan ƙwayar cuta ke shiga, ƙafa ta yi ja, ta yi zafi, zazzaɓi ya rufe mutum, kuma duk wani tashi irin wannan yana ƙara lalata hanyoyin da suka rage. A wanke da sabulu safe da yamma, a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗe da dare bayan an cire safar, tunda mai yana cinye roba. Ƙaho da tsaga da sakiya a wannan ƙafa, a'a.

Kada a sa safar yayin da ƙafar ke ja da zafi, ko ga mai ciwon zuciyar da bai daidaita ba. Mai ciwon suga da mai sanyin ƙafa, sai an gwada gudun jininsu tukuna. In yatsu suka yi sanyi, suka mutu, ko suka sauya launi bayan an sa, a cire nan take.